Ranar da na kai Kawu Lambun Azhar

Kwana goma sha biyu bayan an cire wa Kawu yanar ido a wani asibiti da ke Alƙahira, likita ya duba shi ya ce yanzu zai iya fita shan iska, da sharaɗin ya sa baƙin tabarau, ya guji ƙura, kuma kada ya tsallake lokacin ɗiga magani. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomin rani daga yankin Kura a Jihar Kano, mutumin da tun tasowarsa bai san wuni a ɗaka ba, saboda haka zaman da ya yi a hawa na huɗu na wani gidan haya a Madinatu Nasr ya fi masa aikin idon kansa ciwo. Ni kuwa shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Jami'ar Azhar, don haka ni ne tafinta, ni ne ɗan jagora, ni ne kuma mai riƙon kuɗi.

Abu na farko da ya kamata in yanke shi ne inda za mu. Duk baƙon da ya zo Masar dalar Fir'auna da ke Giza yake fara tambaya, amma can rairayi ne da iska, abin da likita ya hana ke nan. Kasuwar Khan Khalili kuma cunkoso ce, ana iya bangazar mutum a fuska ba da gangan ba. Sai na tsayar da shawara a kan Hadiƙatul Azhar, wato Lambun Azhar, wanda yake kan wani tudu a gabashin tsohon birni. Na zaɓi ranar Talata, domin a Masar Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, kuma a waɗannan ranaku wurin yana cika maƙil da iyalai, kuɗin shiga ma yakan ɗan ƙaru. Ƙarshen watan Nuwamba ne, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar ta cika, saboda haka na lissafa cewa idan muka bar gida bayan azahar za mu sami sa'o'i uku masu kyau, mu yi la'asar a ciki, magariba kuma ta riske mu a kan tudu. Na zuba darduma biyu a jaka, da gorar ruwa, da maganin ido, da rigar sanyi guda biyu, duk da Kawu ya ce shi da ya saba da hunturun Kano a bakin ruwa da asuba ba ya bukatar wata riga.

Muka tari tasi muka bi titin Salah Salem. Kafin a kai ƙofar lambun, ta hannun hagu akwai tsohuwar maƙabartar nan mai faɗi wadda Misirawa suke kira Ƙarafa, inda ƙubbobin sarakunan Mamluk suke tsaye a tsakanin kaburbura, kuma har yau akwai iyalan da suke zaune a cikinta. Kawu ya yi ta kallonta ta tagar mota yana salati, ya tambaye ni ko gari ne. Da na faɗa masa maƙabarta ce, sai ya yi musu addu'a, bai ƙara cewa komai ba har muka sauka.

A bakin ƙofa na bar shi a inuwa na shiga layin sayen tikiti, wanda bai wuce mutum shida ba. Da na dawo ya ga takardu biyu a hannuna, ya tambayi nawa na biya, na faɗa masa da fam ɗin Masar, ya sa na juya masa lissafin zuwa naira. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yanzu ɗan nan, kuɗi ka biya don mu shiga mu kalli ciyawa? Mu a wajenmu ai biyan mutane ake yi su cire ta." Na ce masa ya yi haƙuri mu shiga tukuna, in bai gamsu ba bashi ne a kaina. Aka duba jakarmu, muka bi ta ƙofar na'urar bincike, wani ma'aikaci ya ga farin gemu da hula ya ce masa "Itfaddal ya Hajj", wato bismilla Alhaji, muka shige.

Da shiga akwai wani fili da aka shimfiɗa wa duwatsu, ruwa yana tsartuwa daga ƙasa ta ƙananan ramuka, yara suna kutsawa ta tsakiya suna ihu, iyayensu mata suna kwaɓarsu. Daga nan wata doguwar hanya miƙaƙƙiya ta nufi kudu, an jera mata wasu dogayen itatuwa dangin dabino a dama da hagu, masu santsin jiki kamar an yi musu yaɓe da siminti, ruwa kuma yana bin wata siririyar magudana a tsakiyar hanyar. Wanda ya zana wurin ya daidaita hanyar ne yadda duk wanda ya tsaya a kanta ya ɗaga kai, idonsa zai sauka a kan Ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansanin tsaron birnin, da masallacin Muhammad Ali mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi biyu a can nesa a kan dutse. A nan ne na so in gwada aikin likita. Na tsayar da Kawu na ce, "Kawu, me kake gani a ƙarshen hanyar nan?" Ya ɗaga tabarau ya ɗora a goshi, ya ƙanƙance ido, ya ce masallaci ne, ga hasumiya biyu kamar allura. Mutumin da wata ɗaya da ya wuce ba ya gane fuskar mai gaishe shi sai ya ji murya, shi ne yau yake ƙirga hasumiya daga nisan da ya haura kilomita. Na yi hamdala a zuci, sannan na roƙe shi ya mayar da tabarau.

Na ɗauka daga nan hankalinsa zai tsaya a kan gine-gine, amma ashe na manta da wanda nake tare. Bai yi taku ashirin ba ya sauka daga kan hanya, ya durƙusa a gindin wata shuka, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya ɗebo ya murza, ya shinshina. Ya ce wannan ƙasar ba 'yar nan ba ce, kawo ta aka yi. Na tambaye shi yadda ya gane, ya nuna mini tsaunin Muƙaɗɗam da ke gabas, fari fat babu ko tsiro, ya ce tudun da yake maƙwabtaka da wancan dutse ba zai yi baƙar ƙasa irin ta fadama da kansa ba.

Gaskiyarsa ce, kuma a nan na ba shi labarin wurin kamar yadda na sani. Tudun da muke tsaye a kai juji ne. Fiye da shekara 500 mutanen tsohon birnin Alƙahira suna fito da shara da ɓaraguzan gini da toka suna zubarwa a bayan ganuwarsu ta gabas, har abin ya taru ya zama tsauni, ana kiransa tudun Darrasa. A shekarar 1984, a wajen wani taro da aka yi a birnin, Aga Khan na huɗu, shugaban Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, wanda ya rasu a 2025, ya bayyana niyyarsa ta yi wa Alƙahira kyautar lambu, domin yana danganta kansa da Faɗimiyyawa waɗanda suka kafa birnin a shekarar 969. Aka duba ko'ina, ba a sami fili mai girma a kusa da tsakiyar gari ba sai wannan juji mai faɗin hekta 30. An kwashe tarkace da ƙasa kimanin lodin tifa 80,000, aikin ya ci wajen dala miliyan 30, kuma ba a yi bikin buɗe shi ba sai a 2005, wato shekara ashirin da ɗoriya bayan an yi alkawari. Kawu ya sa na maimaita masa adadin tifofin sau biyu, sannan ya girgiza kai ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma wannan juji ya dafa.

Tambayarsa ta biyu ita ce wadda na san za ta zo, wato ta ruwa. A wajensu ruwan madatsar Tiga ne yake bin manyan magudanai ya gangaro gonakin Kadawa da Kura, kuma manomi ya san ruwa ba ya hawa tudu sai an tilasta shi. Alƙahira kuwa gari ne da ruwan sama ba ya zuwa sai 'yan kwanaki ƙalilan a shekara, rayuwarta duk a kan kogin Nilu take. Allah ya taimake ni muka ci karo da wani dattijo ma'aikacin lambun, sanye da kayan aiki, yana gyara wani siririn baƙin tiyo da aka shimfiɗa a gindin jerin furanni. Kawu ya yi masa sallama ya tsuguna kusa da shi ba tare da jiran tafinta ba. Mutumin ya ɗaga tiyon ya nuna masa ƙananan hudojin da ke jikinsa, kowace huda daidai gindin shuka ɗaya, ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Kawu ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin huda ɗaya yana ƙirga ɗigon, ya kalle ni ya ce, "Ka ga, kamar maganin idona." Na fassara wa dattijon, ya yi dariya har da tafawa.

Sun ɗauki kusan minti ashirin suna hira, ni ina tsakiya ina juya Hausa zuwa Larabcin Masar, wanda ya sha bamban da Larabcin littafi da muke karantawa a aji, kuma a ranar na gane cewa ban san sunayen rabin kayan noma da Larabci ba. Inda na kasa sai su yi da hannu. Kawu ya tambaya ko ƙasar wurin ba ta da kanwa, domin ya san toka da tarkacen gini ba sa barin shuka ta yi kyau, kuma ya ga yadda gishiri yake fitowa fari a gonar da ruwa ya daɗe yana kwanciya. Lalle gishirin ƙasa yana cikin manyan matsalolin da masu aikin suka fuskanta, shi ya sa sai da aka gyara ƙasar aka shimfiɗa mai kyau a sama, aka kuma yi renon tsirrai a wasu wurare dabam ana gwada waɗanda za su jure, kafin a dasa sama da 650,000. Abin da ya fi ba Kawu mamaki shi ne da na gaya masa cewa a ƙarƙashin lambun an binne manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin, kuma wani sashe na ciyawar da mutane suke zaune a kai, rufin tanki ne aka zuba wa ƙasa. Ya buga ƙafarsa a ƙasa sau biyu kamar mai son jin amon ruwan.

Muka yi sallama da dattijon muka ci gaba, muna tafiya a hankali saboda hanyar tana hawa tana sauka. Wata ƙaramar mota mai ɗaukar masu yawo ta wuce mu, na ce ko za mu hau, Kawu ya ce bai zo Masar don a tura shi kamar kayan miya ba. Can sai ya tsaya cak a gaban wata bishiya, ya miƙa hannu ya tsinki ganye ɗaya, ya juya bayansa, ya taɓa ƙayar da ke reshen, ya ce, "Wannan ai kurna ce." Ni da na shigo lambun nan ya fi sau goma ban taɓa lura da ita ba. Bayan ita ya gano ɓaure, ya gano wasu dangin bagaruwa, ya gano na'ana'a ta ƙamshinta kafin ma ya gan ta. Furannin ƙasashen waje masu launi iri-iri da 'yan mata suke tsayawa ɗaukar hoto a gabansu ba su ɗaɗa shi da ƙasa ba, amma kurnar nan sai da ya dafa jikinta kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

La'asar ta same mu a kusa da tafkin da aka haƙa a ɓangaren kudu. Muka sami gefe muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi salla, na ɗiga masa magani, sannan na sayo mana shayi a wani wurin sayar da abinci da ke bakin ruwan. A ganina abinci da abin sha a cikin lambun sun fi na waje tsada ƙwarai, kuma wanda zai je da iyali gara ya ci ya ƙoshi tun daga gida. Muna zaune muna kallon mutane: ga iyali sun baje a kan bargo, ga ɗalibai da littattafai a buɗe amma hira suke yi, ga yara suna mirginowa daga kan gangare, ga ango da amarya cikin fararen kaya mai hoto yana ta juya su. Kawu ya kawar da kai daga amaryar, ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya lura da shi kuma ya yaba shi ne babu akuya ko ɗaya, kuma duk faɗin wurin bai ga leda tana yawo a ƙasa ba sai ɗaiɗai, su ma akwai masu bi suna tsincewa. A nan ne ya ce ya fara gane inda kuɗin tikitin yake tafiya, tun da ciyawar da aka hana dabba ci dole a biya wanda zai aske ta.

Daga tafki muka zagaya ta yamma, inda tudun yake gangarawa sosai zuwa unguwar Darbul Ahmar. A gindin gangaren ga tsohuwar ganuwa ta dutse, da hasumiyoyin tsaro da ƙananan tagogin harba kibiya. Wannan ita ce ganuwar da Salahuddin Al-Ayyubi ya fara ginawa a shekarar 1176, kuma jujin ya binne mafi yawanta ɗaruruwan shekaru, sai da aka zo kwashe ƙasa don yin lambu aka tono ta, tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi, aka gyara ta. Masu aikin ba su tsaya a nan ba, sun shiga unguwar da ke jingine da ganuwar suka gyara wasu tsofaffin masallatai da gidaje, aka kuma koya wa matasan wurin sassaƙar dutse da kafinta. Ban bar Kawu ya sauka ƙasa ba saboda matakalar tana da yawa. Ya tsaya daga sama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a nan shara ce ta rufe ganuwa ta adana ta, a Kano kuwa badala a fili take kowa yana gani, ruwa yana ci, mutane suna ci. Ban ba shi amsa ba, domin na san sassan da yake nufi, na kuma san yadda suke a lokacin da nake yaro.

Saura kamar rabin sa'a rana ta faɗi muka fara hawa tudun da ake tsayawa kallon gari. Sau biyu muna hutawa a hanya, kuma a hutu na biyu ne Kawu ya miƙo hannu ba tare da ya ce komai ba, na zaro rigar sanyin na ba shi. Duk wanda zai je wurin nan a lokacin sanyi kada ya yarda zafin rana na azahar ya yaudare shi, domin da zarar rana ta karkata iskar da ke kaɗawa a kan tudun tana shiga har ƙashi.

A sama mun tarar da mutane sun riga mu, kowa ya fuskanci yamma. Birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, launin ƙasa-ƙasa, gidaje a cunkushe babu masaka tsinke, hasumiyoyi kuma sun fito ta ko'ina kamar karan dawa bayan girbi. Na nuna masa wajen masallacin Azhar da na Husaini ta hannun dama, na nuna masa masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14 da na Rifa'i da ke tsaye kusa da juna ta hagu, a ƙasan Ƙal'ar Salahuddin. A kan rufin gidajen Darbul Ahmar akwai dogayen akurkin katako, samari suna tsaye a kai suna kaɗa tuta, garken tattabaru yana zagayawa a sama yana komawa gida. Tun da rana ta yi sanyi na yarda ya cire tabarau. Ya fara ƙirga hasumiyoyi da yatsa, ya kai talatin da wani abu lissafi ya ɓace masa, ya sake farawa daga hagu. Ya ce rabonsa da ya tsaya a wuri mai tsayi ya ga gari haka tun yana saurayi da suka hau Dala.

Yana cikin ƙirga ta biyu aka kira magariba. Daga kan wannan tudu ba kiran masallaci ɗaya ake ji ba, sautin yana tasowa ne daga kusa da nesa a lokaci guda, na wannan unguwa yana cin karo da na waccan, har mutum ya kasa ware inda ya fito. Koren fitilu suka kama a jikin hasumiyoyi, aka haska Ƙal'ar Salahuddin. Kawu ya bar ƙirga ya shiga amsa wa ladan, muka koma gefe muka shimfiɗa darduma, wasu samari Misirawa biyu suka zo suka tsaya a bayanmu, suka matsa lalle sai dai dattijo ya ja salla. Ya yi ta nuna ni yana cewa ga malami nan, suka ƙi, dole ya shiga gaba.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin duhu ya fara kuma sabon ido bai saba da fitilun ƙasa ba, sai na riƙe masa hannu har bakin ƙofa. Samun tasi a Salah Salem bayan magariba sai da haƙuri, mun fi minti ashirin a tsaye, motoci suna wucewa a guje cike da mutane, kuma da na sani da na kira mota ta waya tun muna kan tudu. Da muka samu muka zauna, Kawu ya laluba aljihun gaban rigarsa ya fito da tikitin nan da ya yi wa tsiya da rana, tare da ganyen kurna da ya tsinka. Ya miƙo mini tikitin ya ce in rubuta masa a bayansa da manyan baƙaƙe yadda zai iya karantawa da kansa: faɗin wurin, da yawan tifofin, da adadin tankunan, domin ya san mutanen majalisarsu a Kura, in ya faɗa da ka za su ce maganin asibiti ne bai sake shi ba. Na rubuta a kan gwiwata mota tana girgiza. Ya karɓa ya kara shi kusa da hasken titi ya karanta, sannan ya ce in tambayi direba ko ya san kasuwar da ake sayar da irin wancan tiyo mai huda, da kuma nawa ake sayar da mita ɗari.